Zancen Mota: A Gano Cuta Kafin A Sayi Magani

A wannan mako filin namu zai yada zango a Keffi ta Jihar Nasarawa, domin mu tattauna a kan wata cutar mota wadda direbobi da kanikawa suke kira misin. Wato inji ya riƙa tsallake bugu, mota tana karkarwa idan tana tsaye, tana fizga idan tana tafiya, kamar dokin da ƙaya ta soka a kofato. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan cuta shi ne, a iya sanina babu wata da take cin kuɗin mai mota a banza kamarta, kuma mafi yawan kuɗin nan suna tafiya ne wajen sayen magani tun ba a san ciwon ba.

Ga wanda bai san Keffi ba, tsohon gari ne wanda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, yana da nisan kamar kilomita 50 daga Abuja. Hanyar da ta fito daga Abuja ta bi ta Nyanya da Mararaba da Masaka a nan take rabuwa, wani reshe ya miƙe Akwanga, inda ake nufar Jos ko Lafiya da Makurɗi, wani kuma ya yi garin Nasarawa. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga kuma ɗimbin ma'aikata da suke kwana a wannan yanki suna sammako zuwa ofisoshinsu a Abuja. Saboda haka a nan mota ita ce ƙafar ma'aikaci, ita ce gonar direban haya. Ran da ta kwana a gareji, wani gidan ba a ɗora tukunya.

Abin Da Ya Same Ni

A daminar da ta wuce, wata ranar da yamma ina komawa Keffi daga wurin aiki, tsohuwar motata 'yar Kwatano ta soma wannan hali bayan na wuce Masaka. Idan na taka totur don in wuce babbar mota, sai ta yi kamar an riƙe ta ta baya, ta fizga sau biyu ko uku, sa'an nan ta saki. Fitilar nan mai hoton inji da ke gaban direba, wadda muke kira cek, ta riƙa ƙyaftawa. Wanshekare na kai ta gareji. Makanike na fari ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce fulogi ne, muka sayi huɗu sababbi. Bayan kwana biyu ciwo ya dawo. Na biyu ya ce kwayil ne, muka canja guda biyu. Na uku ya ce nozul ne suka toshe, aka wanke su, aka kuma canja famfon mai wai don kada a bar baya da ƙura. Na huɗu kuwa da ya kasa kunne a salansa, cewa ya yi indomi ce ta toshe, in yarda ya fasa ya fitar da ita, har ma zai rage mini kuɗin aiki. Cikin mako uku na kashe abin da ya kusa rabin albashina, mota kuwa tana nan jiya i yau.

Wani direban tasha ne ya tausaya mini, ya kwatanta mini rumfar wani dattijo mai wayarin a bayan gari, wanda ya koyi sana'a tun zamanin Peugeot 404. Da na isa na gaishe shi, na soma lissafa masa kayan da aka canja, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ɗana, bar ba ni labarin magani, ba ni labarin ciwo. Yaushe take yi? Da safe ne ko sai ta yi zafi? A tsaye ko a hawa? Kullum ne ko sai an yi ruwa? Kuma wane aiki aka yi mata na ƙarshe kafin ta fara?"

Na ce, "Baba, ta fi yi a hanya mai gargada, da kuma ran da aka yi ruwa. Aikin ƙarshe kuwa, na'urar hana sata aka sa mini."

Bai ce uffan ba. Ya kira wani saurayi cikin yaransa, ya zo da wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta masa abin da ta nuna. Daga nan dattijon ya sa aka ta da mota aka bar ta a silo, ya durƙusa ya riƙa girgiza damin wayoyin da ke ƙarƙashin sitiyarin ɗaya bayan ɗaya. Da ya taɓa wani wuri, nan take inji ya yi tuntuɓe. Ya warware baƙin tef ɗin da ke wurin, sai ga wayar da ke kai wa kwayil wuta an yanke ta, an murɗe ta da hannu kawai aka naɗe, ga laima ta shiga har tagullar ta yi kore. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya haɗa da dalma, ya sa mata riga. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin fulogi guda ba, kuma daga ranar har yau motar ba ta sake yi ba.

Ban kawo wannan labari don in ci mutuncin kanikawa ba, domin kuwa wanda ya warkar da motar ma makanike ne. Ni kaina ina da laifi, tun da yake na riƙa biyan kuɗi ba tare da na tambayi hujja ba, kuma abin da ya hana ni tambaya shi ne ban san yadda abin yake aiki ba. To, bari mu ɗan duba yadda yake, don kada mai karatu ya faɗa ramin da na faɗa.

Yadda Wuta Take Zuwa Fulogi

Injin fetur da muke amfani da shi a yau yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876, mai mataki huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙi. Kafin wannan ƙonewa ta yi kyau sai abu uku sun haɗu a kowace silinda: iska da mai daidai gwargwado, wato wajen awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, matsi isasshe, da tartsatsi mai ƙarfi a daidai lokacinsa. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, bugun ya faɗi. Wannan shi ne misin. Ke nan fulogi ƙofa ɗaya ce kawai daga cikin ƙofofin da cutar take shigowa.

Batirin mota ƙarfinsa bolt 12 ne, wanda ba zai iya tsallaka ko da tazarar gashi guda ba. Aikin kwayil shi ne ya ɗaga wannan ƙarfi ya kai shi bolt 20,000 ko fiye, har ya iya tsallaka tazarar da ke bakin fulogi, wadda a yawancin motoci take tsakanin milimita 0.7 da 1.1. A shekarar 1902, shekarar da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a nan Keffi, a can Jamus kamfanin Robert Bosch ya fito da na'urar magneto mai babban ƙarfi tare da fulogi. A 1910 kuma Charles Kettering na Amurka ya sa wa motar Cadillac tsarin batir da kwayil, wanda shi ne kakan abin da ke cikin motarka a yau. Don mai karatu ya san nauyin aikin, idan inji mai silinda 4 yana juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana tartsatsi sau 25 a daƙiƙa guda, duka huɗun sau 100 ke nan. Waya ɗaya ta yi sako-sako na ƙiftawar ido, an yi asarar bugu da dama.

Motocin da ke bin hanyar Keffi a yau zuriya uku ne ta fuskar wuta. Akwai tsofaffi irin su Peugeot 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Su suna da kafireto da kwantak da kwayil guda ɗaya, da kuma distiributa mai rarraba wuta zuwa fulogai ta manyan wayoyi. Akwai na tsakiya, irin su Golf 3 da masu haya suke ƙauna, waɗanda suka rabu da kwantak suka koma lantarki, amma akasarinsu suna nan da distiributa da wayoyin fulogi. Sa'an nan akwai na baya-bayan nan, irin su Corolla da Camry da Accord na shekarun 2000 zuwa yau, inda kowane fulogi yake da nasa kwayil a kansa, kuma wata 'yar kwamfuta da ake kira ƙwaƙwalwar mota ita ce take ba da umurnin tartsatsi, bisa ga saƙon da take samu daga na'urar da ke lura da juyin inji. Babbar matsalarmu ita ce, motocin sun shiga zuriya ta uku, amma hanyar gyaranmu a garejoji da yawa tana nan a ta fari.

Matakan Bincike

Mataki na fari shi ne tambaya, kamar yadda dattijon nan ya yi. Misin ɗin da ke zuwa lokacin da aka ɗora wa inji nauyi, alal misali a hawan Kugbo idan an nufi cikin Abuja da fasinja, ya fi nuna raunin wuta, domin idan matsi ya ƙaru a silinda tartsatsi ya fi wuyar tsallakawa. Wanda ke zuwa a silo ya ɓace idan an taka totur, sau da yawa iska ce take satar hanya ta wani tiyo da ya tsage. Wanda ke zuwa bayan ruwan sama ko bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, laima ce ta shiga ramin fulogi ko murfin distiributa ko soket. Wanda ke zuwa a hanya mai gargada, a nemi wayar da ta yi sako-sako. Wanda kuwa ya fara jim kaɗan bayan an sha mai, a tuhumi man. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai na Abuja da Ikko. Haka kuma wanda ya saba shan man bumburutu a galan ya san ruwa da datti ba baƙi ba ne a ciki.

Mataki na biyu shi ne tushen wuta. A auna batir da mita. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota tana kashe, idan kuma tana aiki ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. A duba kawunan batir ko sun yi farin gishiri, a duba kuma wayar nan mai kauri da ke ɗaure batir da inji da gangar jikin mota, domin ita ce hanyar da wuta take komawa. Idan ta yi tsatsa ko ta saki, mota tana iya nuna alamun cuta goma alhali ciwon ɗaya ne.

Mataki na uku shi ne a tambayi motar kanta. Tun daga motocin 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, doka ta wajabta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Turai ma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Da yake akasarin motocinmu na hannu daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, kusan kowacce tana da wata kafa mai ido 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto lambar ciwo. Lamba P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har zuwa ƙarshe. P0300 kuwa, wadda ita ce motata ta nuna, tana nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya a silinda guda ba. Da jin haka dattijon ya san cewa sai a nemi abin da silindojin duka suka yi tarayya a kansa, kamar wayar da ke ciyar da kwayil duka, ko mai, ko na'urar lura da juyin inji. Amma fa a lura, na'urar tana faɗin inda ciwo yake ne, ba ta faɗin abin da ya kawo shi. Wanda ya karɓi kuɗinka ya goge lambar don fitila ta mutu, ya ce an gama, ya rufe wa mara lafiya baki ne kawai.

Mataki na huɗu, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne musanya. A ce na'ura ta nuna silinda ta biyu. Sai a cire kwayil ɗinta a kai shi ta uku, a kawo na ukun ta biyu, a goge lamba a ta da mota. Idan misin ya koma ta uku, to kwayil ne, kuma guda ɗaya za a saya. Idan ya tsaya a ta biyu, sai a musanya fulogi haka nan. Idan har yanzu bai gusa ba, to a duba soket da wayoyin da ke zuwa wannan silinda, da nozul ɗinta, daga ƙarshe a auna matsinta da ma'aunin matsi. Silindar da matsinta ya faɗi ƙasa da na 'yan'uwanta sosai tana da ƙonannen bawul ko zoben fistin da ya cinye ko gasket da ya fashe, kuma ko fulogin zinariya aka sa mata ba za ta warke ba.

Mataki na biyar shi ne karanta fulogi, domin fuskarsa ita ce madubin cikin inji. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. Idan ya yi baƙin ƙunci kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Idan ya jiƙe da baƙin mai, inji yana shan mai. Idan ya yi fari fat har da ƙuraje, zafi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. A leƙa ramin fulogin kuma, domin idan robar murfin kan inji ta tsufa, baƙin mai yana tsiyaya ya cika ramin ya kashe kwayil, kuma duk sabon da aka sa haka zai bi sahun na da. A motoci masu wayoyin fulogi, a ta da inji cikin duhu a duba. Wayar da ta tsage za a ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta. Idan za a canja wayoyin, a riƙa cire ɗaya ana mayar da ɗaya, domin kowane inji yana da jerin bugunsa. A yawancin injuna masu silinda 4 jerin shi ne 1, 3, 4, 2, kuma idan aka juya biyu daga ciki, an ƙirƙiro sabon misin da hannu.

Miyagun Al'adu

Akwai wasu al'adu da muka gada daga zamanin kwantak, waɗanda a da ba su da wata illa mai yawa, amma a yau suna kashe mota. Ta fari ita ce cire kan batir alhali inji yana aiki, wai don a gane ko tana caji. Wannan yana iya sa ƙarfin wuta ya yi tsalle ya ƙone ƙwaƙwalwar mota, alhali mita za ta ba da amsa cikin daƙiƙa biyar. Ta biyu ita ce goga waya a jikin ƙarfe don a ga ko za ta yi tartsatsi, da huda rigar waya da tsinke a bar ramin a buɗe laima ta shiga. Ta uku ita ce murɗe waya da hannu a naɗe da tef, irin wadda ta wahalar da ni. Haɗin kirki sai da dalma ko matsewar ƙarfe, da waya mai kaurin ta asali, a sa mata riga, a kuma ɗaure ta nesa da zafin salansa da kaifin ƙarfe.

Ta huɗu, wadda ta fi duka haɗari, ita ce ɗaure fis da waya ko da takardar kwalin taba idan ya ƙone. Fis mai gadi ne, an yi shi ne ya mutu don mota ta rayu. Kowane launi da nauyinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan fis yana ta ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa jiki a wani wuri, sai a neme ta. Wanda ya sa babba a gurbin ƙarami, ko ya ɗaure shi da waya, ya mayar da wayoyin motar su ne fis, kuma ƙarshen abin gobara ce a tsakiyar titi. Duk mai taɓa wayarin ya fara cire kan batir na nagetif, kada ya kama wayar fulogi da hannu inji yana aiki, kada kuma ya gwada tartsatsi kusa da fetur.

Ta biyar ita ce fasa indomi. Abin da muke kira indomi wata matata ce a cikin salansa mai kama da saƙar zuma, wadda aka shafe da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, don ta rage gubar hayaƙi. Tsadar ƙarafan nan ita ce ta sa take da kasuwa, ita ce kuma ta sa wasu suke saurin cewa ta toshe. Gaskiya ne tana toshewa, amma sau da yawa misin ne yake kashe ta, domin ɗanyen man da bai ƙone a silinda ba yana zuwa ya ƙone a cikinta har ta narke. Ma'anar ƙyaftawar fitilar cek ke nan: misin ya kai matsayin da zai lalata indomi, a rage gudu a nemi gyara. Wanda ya fitar da ita bai taɓa ciwon ba, ya dai rabu da dukiyarsa, ya kuma ƙara wa masu talla a gefen titin Mararaba hayaƙi mai guba.

Abin Da Jinkiri Ke Jawowa

Wani zai ce tun da tana tafiya, a lallaɓa. To, tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lissafin lallaɓawa ya canja. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000. Mota mai silinda 4 da ɗaya ta mutu ta yi asarar rubu'in ƙarfinta, direba kuma zai ƙara taka totur don ya cike gurbi. Daɗin daɗawa, ɗanyen man nan yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke cikin inji, har abin da fulogi ɗaya zai gyara ya kai ga sauke inji. Wannan duk asarar dukiya ce. Asarar da ba ta da mayarwa ita ce ran da direba ya fito wuce tirela a hanyar Akwanga ko ta Nasarawa da fasinja cike, ya taka totur mota ta ƙi amsawa.

Har ila yau ga masu mayar da motocinsu kan iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri na musamman dominta a 2023, ya kamata su sani cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa da tartsatsi. Fulogi ko kwayil mai rauni da yake lallaɓawa a kan fetur zai tona kansa da zarar an juya zuwa gas. Kuma aikin juyawar yana bukatar a shiga wayoyin nozul, saboda haka a gyara wuta tukuna, a kuma tabbata wanda zai yi aikin ƙwararre ne mai izini.

Shawara

Ga ɗan'uwana mai mota, ba na ce ka zama makanike ba. Amma kafin ka ciro kuɗin kowane kaya, yi tambaya uku cikin ladabi. Wace silinda ce? Da me aka gane wannan kayan ne ya mutu? Idan aka canja ciwo bai tafi ba, yaya za mu yi? Makanike na gari ba zai ji haushi ba, zai ma ji daɗin nuna maka. Ka karɓi tsohon kayanka ka tafi da shi. Ka sayi fulogi mai lambar da masu motar suka rubuta, ka kuma tuna araha ba ta ado, domin jabun kaya sun cika kasuwa. Fulogi na gama-gari yakan yi wajen kilomita 30,000, mai bakin iridiyam na ainihi kuwa yakan kai 100,000. Ka ajiye ɗan littafi a mota kana rubuta ranar kowane gyara da abin da aka yi.

Ga 'yan'uwanmu kanikawa da masu wayarin kuwa, kuna da haƙuri da basirar da duniya take mamaki, wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko garejojin Apo a Abuja shaida ne. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan basira da awo. Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA reshen Keffi da ta duba yiwuwar kowane rukunin gareji ya mallaki mita da ma'aunin matsi da na'urar karanta lamba, ko da ta hanyar karo-karo ne. Ina kuma kira ga hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, NADDC, da asusun horar da ma'aikata na ITF, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa, su kawo gajerun kwasa-kwasai har cikin gareji, cikin harshen Hausa, a koya wa yara masu koyon sana'a karanta taswirar wayoyi. Abin da na gani a rumfar dattijon nan shi ne abin koyi: tsoho yana da kunne da hankali, yaro yana da na'ura, kuma kowannensu yana sauraren ɗan'uwansa.

Da zan tafi ran nan, na ce, "Baba, da na san da kai tun farko da ban yi wannan asara ba." Ya yi murmushi yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ɗana, ai ba ka yi asara ba in dai ka koya. Ka je ka gaya wa na baya." To, na cika alkawari.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zafin inji da al'adar nan ta cire abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto a yar. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman daga cikin masu sana'ar, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mana. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Haza wasalam.